Firgitar Tahidu

…to ku matso ku ji, kai Abukari, ke Safiyatu, tunda kun girma har kuna yanke magana a bayana. Na san ba ku nan. Ƙosai nake toyawa ina faɗa muku a zuci, in kun zo da la'asar sai ku ji da kunnenku.

Ga shi can, Tahidu, jikana, maigidana mai shekara huɗu, yana bin akuya a lungu kamar ba shi ya tashi rabin unguwar Aboabo da ihu cikin barci jiya da dare ba. Ido a buɗe, gumi sharkaf, na miƙa hannu ya ture ni… ni da nake tauna masa nama. Gari na wayewa kuwa, "Kaka, ina ƙosaina?" Bai san an yi ba.

Ke Safiyatu kin ce tun ranar da aka sauke tutar Turawa aka yi ta buga bindiga abin ya shige shi, a kai shi ƙauye a yi masa tsaga a shafa magani. Wannan fatar, mai laushi kamar man kaɗe? Kai kuma uban yaro, akawun sabuwar gwamnati, wai a ɗora shi a lori zuwa Kumasi wurin dangin uwarsa, can ne ke da likita. Kowa dai so yake a ɗauke shi daga tabarmata. Wa ya tambaye ni?

Ni na san yadda ake yi in abin ya tashi: ba a jijjiga shi. Ba a kiran sunansa. A janye fitila, a zauna kusa, a kama baki har abin ya lafa ya koma barci da kansa. Da safe kuma ba a ba shi labari. Ranar da kika kwaikwayi ihunsa a gabansa kina dariya, Safiyatu, ranar ya fara tsoron ɗaki.

Kai ma haka ka yi, Abukari… damina ce, ɗaki na yoyo, ubanku ya tafi fataucin goro, kana ta dukan ƙirjina da 'yan hannuwanka. Ka warke ba reza ba allura. Na faɗa maka, ka ce ba ka tuna ba. Yaya za ka tuna? Mai gadi kaɗai ke tunawa.

Wannan ƙauri fa… ƙosan ya ƙone. Gyangyaɗi na yi? A gaban mai yana tafasa? Tahidu, ja baya daga kaskon nan, ɗan nema, ja baya.

Bari in kwashe ƙosan nan. Wancan lokacin naka, Abukari, ƙarfina ya kawo. Yanzu…

Yaron ba inda za shi, wannan na gama. Amma ɗayanku zai naɗo tabarmarsa ya zo ya koyi zaman shirun nan, mu riƙa karɓa-karɓa. Wane ne cikinku, ban sani ba. Ku sasanta tsakaninku kafin magariba, don Allah. Idona ya yi nauyi.