Shamuwar Kashi na Huɗu

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Kaltuma tana aiki a wata cibiyar kula da yara masu tamowa a karkarar Gaffati. Aikinta awon yara. Takan ɗora yaro a sikeli, ta zagaya masa zaren awo a dantse, ta miƙa wa uwarsa ledojin abincin gyaɗa, sannan ta kira ta gaba. Layin mata ba ya ƙarewa sai rana ta karkata. Ranar Juma'a da la'asar take shiga mota ta koma Damagaram, kuma kafin ta isa gidansu na Birni sai ta fara biyawa ta butik ɗin ƙanenta Yusufu, wani ɗan shago kusa da Kasuwar Dole.

Yusufu cajin waya yake yi, yana zuba wa mutane waƙoƙi a kati. A can ƙuryar butik ɗin akwai tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ya saya hannun wani malamin makarantar lakwal, a ciki kuwa akwai wani wasa da ya sauko da shi daga intanet. Sunan wasan da Faransanci dogo ne, ba mai wahalar da bakinsa wajen faɗa. Labarin wata mata ce, matuƙiyar jirgin ruwa, a wata ƙasa ta tsibirai inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Aljanun teku sun sace mata ƙane, ita kuma ta bi sawu. Abokin tafiyarta wani ƙaton tsuntsu ne mai magana, baƙin baya, farin ƙirji, fiffikensa ɗaya a karye, ga tsiwa kamar tsohuwar da aka tashe ta daga barci.

Na ukunsu shi ne Nomau, manomi daga Hamdara. Gonarsa ta ƙone a tsaye, ya bar iyali wajen yayansa ya shigo birni cirani, yana tura kurar ruwa unguwa-unguwa. Shi ke kawo wa Yusufu ruwa bido biyu, wato jarka biyu, kullum. Wata rana ya leƙa ƙurya ya ga tsuntsun a allo, ya ce ai wannan shamuwa ce, sunan kuwa ya bi ta. Nomau ba ya jin Faransanci, Kaltuma ke fassara masa. In an ba shi manet, wato abin dannawa da ake riƙewa a hannu, ba ya faɗa da kowa, ba ya neman taska. Sai ya kai matuƙiyar bakin jirgi ya tsayar da ita cikin ruwan sama, ya ce a ƙara murya, ya yi shiru yana saurare har Yusufu ya gaji ya karɓe.

Masu wasan ba sa sakinsa gaba ɗaya. Kashi-kashi suke fitarwa, tsakanin wani da wani sai an yi watanni. A kan wannan su ukun ba su taɓa zama baki ɗaya ba. Yusufu cewa yake yaudara ce: mutanen nan ba su ma gama rubuta labarin ba suka fara sayarwa, kamar tela ya ba ka hannun riga ya ce wuyan yana nan tafe. Da shi kaɗai ne, da ya jira sun kammala ya buga a zama guda. Nomau kuwa jiran ne ya fi yi masa daɗi. Ya ce duk kashin da aka gama yana samun abin da zai riƙa juyawa a ransa yana tura kura a hawan duwatsun Birni, yana tunanin ta ina matuƙiyar za ta ɓullo. Kaltuma ba ta cika shiga wannan gardama ba. Abin da ya kama ta wani ne daban. Masu wasan sun yi alkawarin duk abin da mutum ya zaɓa yana sauya labarin, kuma ta ga alamar haka. A kashi na biyu ta yafe wa wani ɓarawon jirgi, a na uku ya dawo ya cece su. A wurin aiki takan yi duk abin da aka koya mata, wani yaron ya tashi, wani bai tashi ba. A ƙuryar butik ɗin nan kuwa, in ta yi daidai, daidai take gani.

Kashi na huɗu ya fito a tsakiyar bazara. Saukar da shi ya zama aiki, don rezon intanet na rarrafe, kuran kuma, wato wutar lantarki, na yankewa sau ba adadi. Yusufu ya yi alkawarin ba zai buɗe ba sai ta dawo, ya kuma cika.

Makon ya yi wa Kaltuma nauyi. Akwai wata yarinya da ta daɗe tana bibiya, wadda ta fara cika ido har ta soma kama zaren awo tana wasa da shi. Zawo ya kama ta a ƙauyensu, kafin uwar ta samu amalanken da zai kawo su, rai ya yi halinsa a hanya. Uwar ta zo duk da haka, ta maido ledojin da suka rage, ta ce a ba wani. Kaltuma ba ta gaya wa kowa a gida ba. Ranar Asabar da hantsi ta shiga butik, ta zauna a benci, ta karɓi manet.

Kashin ya fara da kyau. Nomau ya jingina kurarsa a ƙofa ya shigo, har da wasu masu jiran cajin waya suka matso. Jirgin ya isa mashigar fadar aljanun teku, inda igiyar ruwa ke tashi kamar ganuwa. Nan wasan ya tsaya ya ba ta zaɓi: ko ta aika Shamuwa ta janye hankalin masu gadi, ko ta riƙe ta a jirgi su kutsa tare. Kaltuma ba ta ko yi shawara ba, ta riƙe ta. Suka kutsa. Suna dab da tsallakewa mashi ya fito daga ƙarƙashin ruwa ya soki tsuntsun. Ta faɗi a kan katako, ta yi wata ƴar tsiwarta ta ƙarshe, aka saka kiɗa mai taushi, sunayen masu wasan suka fara hawa allo.

Nomau ya yi salati a hankali. Kaltuma ta ce ita ce ta yi kuskure, Yusufu ya mayar da ita baya. A karo na biyu ta aika Shamuwa, masu gadi suka harbo ta a sama. Ta sake komawa, ta bi ta wata hanya, ta ƙi yin magana da wani da ta yi magana da shi da farko. Ta koma har ƙarshen kashi na uku ta sauya abin da ta ɗauka a jirgi. Azahar ta yi, ta je ta yi salla ta dawo. Ko ta ina ta biyo, tsuntsun na mutuwa a mashigar nan, kiɗan ma bai sauya ba.

Yusufu ya duba dandalin da ƴan wasan ƙasashe ke tattaunawa, ya dawo ya ce ta daina wahalar da kanta, kowa tasa ta mutu, haka aka rubuta. Ya karanto mata abin da suke cewa. Yawancinsu yabo suke yi. Wani ya ce kashin da ya fi kowane kyau ke nan, wata ta ce ta sha kuka kuma ta ji daɗin kukan, wani ya ce labarin da ba a rasa kowa a cikinsa ba labarin yara ne. Shi ma Yusufu, duk da ƙorafinsa na kullum, ya ce a gaskiya wannan karon sun burge shi.

"Su ji daɗin kukansu," in ji Kaltuma. "Ni ba don a koya mini mutuwa na zauna nan ba. Da sun ce labari za su ba ni, da na naɗe hannu na saurara. Amma suka ce in zaɓa. In sun riga sun yanke, me ya sa suka tambaye ni?"

"Ya Kaltuma, wasa ne fa," in ji Yusufu.

"Na sani. Shi ya sa ba su da hujja. Ba fari a ciki, ba zawo, ba amalanken da ya makara. Mutum ne ya zauna a kujera ya ga dama ya kashe ta."

Nomau ya goyi bayanta da rabi. Ya ce shi ma bai so ba, amma wa ya sani, ƙila a kashi na biyar a dawo da ita, tunda ƙasar aljanu ce. Kaltuma ta ce in sun dawo da ita ma sun ƙara raina mata hankali.

Suna cikin haka Kawu Alkasum ya shigo. Yayan mahaifiyarsu ne, shi ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu, kuma ginin butik ɗin nasa ne. Ɗan kasuwar fata ne mai faɗa a ji a unguwa. An daɗe ana kai masa magana, yau kuma wani ya gaya masa tun hantsi ƴarsa na zaune cikin maza tana danne-danne, muryarta har titi. Masu jiran caji suka sulale. Nomau ya durƙusa ya gaishe shi ya koma bakin ƙofa.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce a shekarar da mutane ke haƙa gidan tururuwa suna neman tsaba, a shekarar da ake fita roƙon ruwa, su kuma jikokin gidan malamai sun tara ƙarti suna kallon aljanu a gilashi. Ya ce Yusufu yaro ne, amma ita da take ganin halin da ake ciki da idonta, ita ya fi jin kunyarta.

Kaltuma ta miƙe ta gyara mayafi. Ba ta taɓa mayar masa da magana ba tun tana ƙarama.

"Kawu, ku yi haƙuri, amma zan yi magana. Yunwar nan da kuke faɗa, ni nake ɗaga ta da hannuna in ɗora a sikeli, daga Litinin har Juma'a. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce Kaltuma kawo in riƙe miki yaro ɗaya. Waɗanda suka kawo muku maganata, a inuwa suke zaune suna shan shayi, ba wanda ya ce su daina don ana fari. In na samu abin da zai sa in iya komawa ranar Litinin, ba zan bari ba."

Kawu ya juya wajen Yusufu ya ce caji da waƙoƙi ya ci gaba da abinsa, amma na'urar nan kada ta ƙara kwana a gininsa. Ya sa takalmi ya fita.

Yusufu ya fara cewa a bari ya huce, gobe a tura Inna ta ba shi baki. Kaltuma ta ce ba wanda za a tura. Ta zare wayoyin da kanta, ta naɗe su, ta yi gammo da ɗankwali ta ɗora akwatin ordinatar a ka. Nomau ya sauke bidunansa ya shimfiɗa buhu a kura ya kwantar da allon. Yusufu ya ce su bi ta lungu, ta ce ta babban titi za ta bi. Haka suka ratsa gefen kasuwa da rana tsaka, ita a gaba, kura na ƙara a bayanta, masu shayin suna kallo. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, suka amsa a daburce.

A zauren gidansu ta ajiye ta, inda kowa zai iya shigowa ba tare da ya keta cikin gida ba. Inna ta fito ta ga kaya, ta ji labari, ta ce ita dai ba ruwanta tsakanin mutum da kawunsa, amma a ja waya ta bayan ƙofa kada jikoki su yi tuntuɓe.

Kawu ya yi watanni ba ya amsa gaisuwar Kaltuma sai da ka. Ita kuma ba ta fasa zuwa gaishe shi duk Juma'a ba, ba ta kuma ba shi haƙuri a kan maganar ba.

Kashi na biyar, na ƙarshe, ya fito bayan Nomau ya koma Hamdara gyaran gona. Yusufu ya sauko da shi ya kira ta, ta ce ya buga abinsa. Ya yi zaton wasa take, ya jira ta mako guda, ta zo ta wuce ta zauren ko kallon allon ba ta yi ba. Ya buga shi kaɗai. Da ya gama ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ya ce wallahi ƙarshen ya yi kyau, ta bari ko a baki ya gaya mata ko an samo ƙanen matuƙiyar.

"Kada ka gaya mini," ta ce. "Mutanen nan sun gama ba ni labari."

Ya ce to ai ita ta yi asara. Ta ce ta ji, ta ɗauka. Sannan ta ce ya nemo musu wani wasan, amma ya fara bincikawa: in irin wanda ake tambayar mutum ne alhali an riga an yanke, kada ya ɓata rezonsa. Yusufu ya ce irin wanda take so ɗin da wuya a samu. Ta tura masa tiren shinkafar ta ce ya taya ta tsinta, yana yi yana tunani.