Kibod a Hannun 'Yan Gwangwan

Iyatu ta dire bokitan nan biyu a gaban sikeli da ƙarfi, har ɗaya ya kife.

"Ga tsiyarku nan. A ba ni kayana."

Masu bugun ƙarfe a filin 'yan gwangwan da ke gefen garin Dutse suka dakata da guduma a hannu. Alhaji Baffa, mai filin, ya gyara zama a kan benci.

"Sannu da zuwa, Inna. Daga ina haka da ranar nan?"

"Daga Kiyawa, kuma ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Ina dogon nan mai karyayyen haƙori, mai tura baro yana yi wa mutane ihu a ƙofar gida?"

"Arzika! Zo, ga baƙuwarka."

Ɗanta na fari, Kamilu, wanda ko sunansa ba ta kamawa sai dai ta ce yaron nan, yana aikin buga takardu a wani ofis a Dutse. 'Ya'yan mutane tattabaru suke kiwo, shi kuwa kibod yake tarawa, allon nan mai madannai da ake yi wa kwamfuta rubutu da shi. Shekara da shekaru yana kwaso su, na gwanjon ofisoshi, na Kano, har da waɗanda ake aiko masa daga waje. Ɗakin hayarsa yana yoyo, sai ya jere su a ɗakinsa na gida. Duk Asabar zai zo, ya gaishe ta, ya shige, ya yi ta goge su da burushin haƙori yana dannawa yana kasa kunne, ƙas-ƙas-ƙas, kamar kaji sun samu faranti. Ba a ci, ba a sha, ba a sayarwa.

Da ruwan bana ya rushe mata rumbu aka rasa inda za a sa gero, sai ga Arzika da baronsa. Wa zai ga laifinta? Ta kwashe tarkacen ɗakin yaron ta ba shi, ya ba ta bokitai biyu.

Da Kamilu ya zo, tsayawa ya yi a bakin ƙofa yana kallon buhunan gero. Da faɗa ya yi, da ta san yadda za ta yi da shi. Amma ina! Ya sa takalminsa ya koma tasha, tuwo yana kan wuta. Tun daga ranar bai sake tako gidan ba. Ƙanwarsa Zulfa ce ta gaya mata a cikin kibod ɗin akwai wanda ko rago aka ba shi a kansa ba zai karɓa ba. A nan Iyatu ta gane an cuce ta.

Arzika ya iso yana share hannu a jikin wando.

"Haba Inna, ke fa kika leƙo kika kira ni. Har kika ce in ƙara miki da baho."

"Rufe min baki! Ka ga tsohuwar da ba ta shiga aji ba, ka ce banza ta faɗi. Sarai ka san abin da ka ɗauka."

"Na rantse ban sani ba. Ni ajin na shiga? Ni nauyi na sani. In abu ya yi nauyi ƙarfe ne, in bai yi ba roba ce."

Aka kwashe da dariya.

"Ku yi ta yi," in ji Iyatu. "Daga nan wajen alƙali za ni. Ƙafata ƙalau take, bakina ma haka."

Alhaji Baffa ya ɗaga hannu. "Ba a kai nan ba, Inna. Ciniki kam ya faɗa, amma uwa uwa ce. Kai, je ka nuna mata. Abin da ta samu nata ne."

A bayan tarin tsofaffin langa-langa ta gan su a watse cikin rana, baƙaƙe da farare, har da mai madannai kala-kala kamar alawar yara. Ta durƙusa tana kakkaɓe su da gefen zaninta tana sakawa a buhu.

"Waɗannan roba ce zalla, shi ya sa kika same su," in ji Arzika. "Masu nauyin mun fasa. Akwai farantin ƙarfe a cikinsu, mai kyau kuwa. Mota ta riga ta kwashe zuwa Kano."

Ya nuna mata da ƙafa. Ɓawon wasu tsofaffi ne da suka dafe suka koma ruwan ƙasa, guduma ta raba su gida-gida, madannansu sun tarwatse cikin yashi kamar an zubar da masara. Iyatu ta ce a ranta an auna arziki, munanan ne suka tafi. Duk da haka ta tsuguna tana tsintar madannan ɗaya bayan ɗaya, tana ƙullewa a bakin mayafinta. Ba ta san me aka rubuta a kansu ba.

"Wannan kuma me za ki yi da shi, Inna?"

"Ko ƙwaya ba zan bar muku ba, ɓarayin rana."

"To bokitan fa?"

"Ka yi wanka da su. Kana bukata."

A ƙofar ofishin su Kamilu ta zauna ƙarƙashin bishiyar maina, mai gadi ya shiga kiransa. Da Kamilu ya fito ya gan ta, ya ɗan yi turus, sannan ya zo ya durƙusa ya gaishe ta har da tambayar mutanen gida. Ta amsa tana kallon titi. Ta tura masa buhun da ƙafa.

"Ga shirginka nan, na ƙwato. Sai a daina yi wa mutane gaba."

Ya buɗe. Yana ɗauko kowanne sai ya jinjina shi a hannu ya ajiye a gefe. Da ya kai ƙasan buhun, ya sake laluba ciki.

"Inna, masu nauyin fa? Akwai wani mai ruwan ƙasa, igiyarsa a nannaɗe."

"Tsofaffin? Sun fasa su. Ai ga masu kyan nan duk na kawo maka."

Ya ɗauki ɗaya daga cikin masu kyan ya jujjuya shi.

"Waɗannan ko gobe ana samunsu a kasuwa," ya ce a hankali. "Wancan ya girme ni. An daina yin irinsa."

Ta rasa wanda za ta sauke wa haushinta. Arzika yana can, alƙali ba zai haɗa abin da guduma ta raba ba.

"To me ya hana ka faɗa? Shekara nawa kana wuce ni ka shige ka rufe ƙofa? Ni duba nake yi?"

"Na ɗauka ba kya son ji, Inna."

Ta ja tsaki. Ta kwance bakin mayafinta ta zazzage masa a ƙasa.

"Ga guntayensu. In ka ga dama ka zubar."

Kamilu ya sa hannu biyu ya tattara su. Ya ɗauki ɗaya ya hure yashin da ke ciki, ya juya shi, ya shafa da babban yatsa. Sannan ya zuba su duka a aljihun rigarsa. Sauran ya mayar cikin buhu ya ɗaure.

"Waɗannan ki tafi da su, ki ba yara su yi wasa."

Ya tare mata adaidaita, ya sa buhun a ciki. Sai da ta zauna, idonta a kan ƙeyar direba, ta ce, "Asabar a sa tuwo da kai?"

"Aiki ya yi yawa, Inna. Zan aiko."

Ya juya ya nufi ofis, hannunsa dafe da aljihu. Bai waiwayo ba.

Suna hanyar tasha, duk ramin da suka faɗa sai buhun ya yi ƙas-ƙas a ƙafarta. Ta ɗago shi ta ɗora a cinya. Direban ya leƙo ta madubi.

"Hajiya, kayan kwamfuta ne? In na sayarwa ne akwai wanda na sani."

"Kalli gabanka," in ji Iyatu. "Ajiya ce. Mai shi zai zo ya ɗauka."