Kalmar da Tsvetan Ya Tanadar wa Jikarsa

Tsvetan yana ɗaure tumatir a jikin sanda yana maimaita kalmar ƙasa-ƙasa, sai maƙwabcinsa Dobri ya leƙo ta saman shinge.

"Ba haka ba ne, maƙwabci. Enormous. Kai kana faɗinta kamar mai kiran akuya."

Dobri ya daɗe yana jan babbar mota zuwa Ingila, shi ya sa duk wata matsalar Turanci a ƙauyen gidansa ake kai ta. Tun farkon bazara yake koya wa Tsvetan kalmomin girma. Huge, in ji shi, ta kankana ce ko tumatir da ya cika hannu. Massive ta shirgegen abu ce mai nauyi, irin motarsa. Enormous kuwa ita ce gaba da su, sai abin da ka gani ka riƙe baki.

"Ana faɗa wa jariri?"

"Sosai ma. Wace uwa ce ba ta son a ce ɗanta gabjeje ne?"

Abin da Tsvetan yake nema ke nan. Yau ɗansa Radoslav zai zo daga Ingila da matarsa Hazel da jaririyarsu Nevena, kuma shi ne zuwan matar na farko. Radoslav ya riga ya gaya masa a waya: "Baba, idan ba ta ji daɗin zuwan nan ba, ba zan iya sake jawo ta ba. Yarinya kuma inda uwarta take, nan take." Tsvetan ya duba ya ga ba zai iya koyon Turanci duka ba a shekarunsa. Amma kalma ɗaya mai kyau, wadda za ta shiga zuciyar uwa, wannan zai iya.

Da rana aka shimfiɗa tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Matarsa Velichka ta jera banitsa mai zafi, wato burodi mai falle-falle da cuku a ciki, da tumatir da cuku, da gasasshen barkono, da kwalbar rakiya, barasar ƙasarsu. Hazel ta zauna a bakin kujera rungume da 'yarta, tana murmushi irin na mai jiran likita. Ta ɗan gutsuri banitsa ta ajiye.

Velichka ta kasa haƙuri. Ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar, ta ƙare mata kallo, ta yi tuf-tuf-tuf a iska yadda aka saba, don kada baki ya kama ta.

"Kai, mummuna! Kaji su yi miki kashi a ka."

Hazel ta juya wurin mijinta tana tambaya. Radoslav tun yana yaro bai iya ƙarya ba, sai ya fassara mata yadda aka faɗa, har da kajin. Hazel ta tashi ta karɓe 'yarta, ta koma ta zauna, ta ɗan ja kujerar baya.

Tsvetan ya ga lokacinsa ya yi. Ya miƙe da ƙaramin kofi a hannu, rigarsa a maɓalle har wuya. Ya dubi jikarsa. Kumatu ga su nan, cinyoyi sun yi ninki-ninki. Dobri bai yi ƙarya ba, kalmar ta dace da ita. Ya ja numfashi.

"Enor..."

Velichka ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Kul, tsoho! Ka yabi yarinyar nan da wannan bakin naka? Bara ka yabi ɗan maraƙi, ina yake yanzu?"

Gaskiya ne, maraƙin bai kai kaka ba. Tsvetan ya tsaya da rabin kalma a waje, rabi a ciki, kowa yana kallonsa. Komawa da ita ba zai yiwu ba, dole a sauke ta a kan wani. Ya dubi Radoslav, ya gan shi a rame kamar sandar tumatir. Ya dubi Velichka, ya ga idonta. Sai ya juya wurin surukarsa. Mace ta haihu ta yi jiki, ai shaida ce ana kula da ita a gidan miji, kuma babban mutum baki ba ya kama shi da sauri. Ya ɗan rusuna, ya ɗaga mata kofi.

"Enormous."

Hazel ta dubi jikinta, ta dubi mijinta.

"Baba, ka kashe ni," in ji Radoslav.

"Lafazin dai ya fita daidai," in ji Dobri daga bayan shinge.

Radoslav ya kama bayani da Turanci, yana zufa. Ya nuna jaririyar, ya nuna idonsa, ya nuna garken da babu maraƙi a ciki, ya nuna ƙafar uwarsa. Tsvetan yana nan tsaye da kofinsa, don ba wanda ya ce ya zauna. Hazel ta daɗe tana kallon tsohon, sannan ta yi wa mijinta wata 'yar gajeriyar tambaya. Radoslav ya faɗa mata kalma ɗaya da harshensu, a hankali. Ta maimaita, ya gyara mata.

Ta miƙe da yarinyar a kafaɗa, ta zagayo tebur, ta tsaya a gaban surukinta.

"Tuf, tuf, tuf," ta yi. "Mummuna."

Ba wanda ya gaya mata cewa iska kawai ake hurawa. Yawun ya sauka a kuncinsa.

Tsvetan bai motsa ba. Tun da mahaifiyarsa ta rasu, ba wanda ya sake ganin yana da wani abu da baki zai kama.

"Goge fuskarka, tsoho," in ji Velichka.

Bai samu damar gogewa ba, don Hazel ta karɓe kofin daga hannunsa ta ɗora masa Nevena. Yarinyar ta fi yadda ya zata nauyi nesa ba kusa ba. Ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe.