Likkafani a Gindin Zogale

"Ku matsa! Gawa ce, ba wasan biri ba!" Sadiya ta daka wa masu ɗaukar hoto da waya tsawa, ta yaye mayafinta ta rufe fuskar Zinariya.

A gindin zogalenta Zinariya ta cika, da hantsi, jarkar ruwa a hannu. Wurin kuwa, in ba ku sani ba, tsohuwar ganuwa ce ta ƙasa da duwatsu a kan tudu, can bayan unguwar Kudai, ba nisa da Harami, wadda aka ce sojojin Turkawa ne suka tara ta lokacin yaƙi. Zinariya ta zo hajji tun haƙoranta na cike, ta ƙi komawa Gusau, ta jingina ɗakinta da ganuwar shekara talatin da huɗu. Bara waccan, hukuma ta rushe ɗakunan wurin, ta shimfiɗa ciyawa, ta kafa lilo da allo mai ba da tarihi. Tarihin Turkawa fa, ba na Zinariya ba. Zogalen kaɗai aka bari, wai yana kyau a hoto. Ita kuwa kullum sai ta hawo masa da ruwa daga ɗakin da suke haya da Sadiya, tana tafe tana zagin gwiwoyinta.

Mai gadi ya riga ya kira 'yan sanda. Matan unguwa da suka taru suna salati sai suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Hussaina, wadda ta fi kowa kururuwa, nan take ta tuna ta bar tukunya a wuta. Tukunya! Matar da rabonta da girki tun azumi. Ba mai iƙama a cikinsu, wato takardar zama, kuma wadda aka kama ba ita, jirgi ne sai gida.

Sadiya ma ba ta da ita. Amma ta ga yadda aka yi da gawar da ba mai ita: aka rubuta ba a san ta ba, ta yi watanni a firjin asibiti, aka binne ta a ƙyallen hukuma. Alhali ga likkafanin Zinariya nan a ƙullin da ba ta rabuwa da shi. Da hannunta ta wanke shi da Zamzam, duk Muharram sai ta shanya shi ya sha iska.

Sai ga Abdulwasi'u a guje, da rigar kantin da yake aiki a unguwar Aziziyya. Shi ne marayan da Zinariya ta goya, ta ciyar da shi da cinikin dawar da alhazai ke watsa wa tattabaru, ta tura shi gida ya dawo da biza. Shi kaɗai ne mai takarda.

"Alhamdu lillahi," in ji Sadiya. "In sun zo ka ce uwarka ce."

"Gwaggo, ki rage murya. In na ce na san ta, cewa za su yi na ɓoye marar iƙama. Maigidana korata zai yi. 'Ya'yana uku, wallahi."

"Ita da ta ɓoye ka cikin zaninta ranar samame, 'ya'ya nawa gare ta?"

"Ai Allah ya san ta, ko ba suna."

"Kai ma ya san ka, marar kunya! Kashinka nawa ta wanke? Matsa can, kada gumin tsoronka ya ɗigar mata."

Ya matsa kuwa. Ya laɓe bayan lilo yana share ido, kamar hawaye na binne mutum.

Motar 'yan sanda ta tsaya. Wani matashi ya fito da takarda da biro, ya tambaya da Larabci, "Wa ya san hajiyar nan?"

Sadiya ta dubi gangaren da Hussaina ta bi. Ƙafafunta sun san hanyar sarai, da kowane lungu. Ta ja tsaki.

"Ni. Sunanta Zinariya 'yar Muttaka, mutuniyar Gusau. Rubuta da kyau, ɗana. Ga likkafaninta, a cikinsa za a sa ta. A Harami za a sallace ta."

Ya rubuta, ya karɓi ƙullin da hannu biyu. "Iƙamarki fa, hajiya?"

"Tana inda tata take."

Ya buɗe ƙofar bayan motar. "Sai ki biyo mu."

"Tsaya tukuna."

Ta sunkuya ta zare jarkar daga yatsun Zinariya. Ruwan saura rabi. Ta tsiyaye shi a gindin zogalen a hankali, yadda mai shi ke yi, ta tsaya har ƙasa ta shanye. Sannan ta jingina jarkar da ganuwa, ta gyara ɗankwalinta, ta nufi motar.