Mayafin Tasalla a Bango

Jiya da dare mafarki ya kai ni ɗauko rahoto a wani gidan nunin hotuna. A garin, ruwan sama daga ƙasa yake tasowa, saboda haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki.

Shugabar gidan akuya ce mai tabarau. Ta kai ni gaban hoto ɗaya tilo: shuɗi mai duhu daga sama har ƙasa, sai faci ruwan ƙasa a gefe. Babu mutum, babu itace. An rubuta a ƙasansa: "Ba a san mai shi ba. An samo a 1951."

"Daga ƙetare aka kawo shi a wancan akwatin," in ji ta. "In aka buga ƙararrawa ba a faɗi ma'anarsa ba, akwati zai koma."

Masana biyu na tsaye taku goma daga bangon. Ɗaya ya ce kaɗaici ne. Ɗayan ya ce asuba ce da ta fasa zuwa. Akuya ta ciji gefen hoton, ta tauna a natse.

"Auduga. Shuni. Gishirin teku. Ya sha jirgi."

Na matsa na murza shi da babban yatsa, yadda kakata Tasalla ke gwada rini a kasuwa. Yatsan ya yi shuɗi.

Sai ga Kaka Tasalla zaune a kan akwatin tana ɓarar gyaɗa, shekara ashirin bayan rasuwarta.

"Angona, har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Mayafina ne. Na shanya, Baturen awon gyaɗa ya ce zai nuna wa matarsa ya dawo da shi."

"Facin fa, Kaka?"

"Buhunsa ne. Ƙusar sikelinsa ce ta yaga, na ɗinke da abin da na samu."

Masanan suka rubuta "ƙusa".

Akuya ta ɗaga ƙararrawa. "To mece ce ma'anar?"

"Sanyi nake ji," in ji Kaka.

Aka duba doka, aka ga amsar ta isa. Na sauke hoton na yafa mata, aka tura akwatin ƙetare da masanan a ciki.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Na duba yatsana, shuɗi ne. Biro ya fashe a aljihu.