Birkin Motar Namadi

"Ƙara takawa," in ji Namadi, kansa na ƙarƙashin murfin injin.

Matarsa Rekiya ta tattare zane ta danna fedar birkin da iya ƙarfinta. "Baban Karima, wallahi kamar dutse nike takawa."

Shi ma ya ji abin da yake gudu. Wani siririn huci ne ke fitowa daga baƙar tukunyar nan da ke bayan feda, wadda makanikai ke kira busta, mai sauƙaƙa wa ƙafar direba taka birki. Robar cikinta ta yage. Shi ya sa jiya da ya shigo Kaura da fasinja sai da ya kusa miƙewa tsaye a kan feda, saura ƙiris ya hau teburin mai lemo.

Da wata rana ce, da ya jira Magaji makanike ya dawo daga Gusau. Amma da asuba ƙanensa Bilyaminu ya bugo waya daga ƙauyensu da ke bayan Moriki, ya ce an ga 'yan bindiga a gonakin gabas, mutane na ta ɗaure kaya. Mahaifiyarsu Inna kuwa tun da ƙafarta ta shanye ba ta iya zaman babur, sai an ɗauko ta a mota. Kuma kowa ya san ba a bin hanyar Moriki bayan la'asar. Direbobin tasha da Namadi ya roƙa, kowa sai ya sunkuyar da kai.

Ya tafi kasuwa ya samo tsohuwar busta mai sauran ƙwari, ya dawo ya zube sufanu a ƙofar gida. Ya kwance tukunyar man birki ya ture ta gefe, ya zare tiyon iska, sannan ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Notuna suka fita lafiya, ban da guda ɗaya da ya maƙale a lungu, tsatsa ta cinye shi. Sufana ta zame, bayan hannunsa ya daki ƙarfe.

"Wagga mota ta rantse sai ta kashe ni!"

"Ka yi a hankali, jini ne fa."

"Ke haska mini fitila, ki bar jinin!"

Rekiya ta haska.

Ana kiran azahar notin ya saki. Ya ɗaura bustar, ya mayar da komai, ya yi salla a gurguje, ya tayar da mota. Feda ta yi laushi kamar burodi. Har ya fara murmushi, sai ya sa giya, motar ta yi nishi ta ƙi motsawa. Sandar da ke tura birkin ta yi tsawo, ta danne tayoyin gaba ɗaya.

Namadi ya kifa goshi a kan sitiyari. Bai yi zagi ba wannan karon. Ya fito, ya sake kwance tukunyar man, ya rage sandar, ya gwada, ya sake ragewa. Gumi na shiga masa ido, inuwar katanga na ta tsawo. Da ƙyar motar ta gangara layin, ya taka, ta tsaya cak.

A daidai lokacin ladan ya kira la'asar.

Rekiya ta tsaya gaban motar. "Ba ka tahiya yanzu."

"Kauce, Rekiya. Uwata ce."

Wayarsa ta yi ƙara. Bilyaminu ne, amma muryar Inna ya ji, tana yankewa tana dawowa.

"Namadi, kana ji na? An kai mu gidan Liman, da jama'a muke. In ka taso yanzu ban yahe ba."

"Inna, motar ta gyaru, yanzun ga—"

"Na ce ban yahe ba. Ka zo da sahe."

Layin ya katse. Ya kira, ya sake kira, wayar ba ta shiga.

Ya daɗe zaune, injin na aiki. Daga baya ya juya motar a hankali, ya daidaita hancinta ya fuskanci titi, ya kashe.

"Ki share wa Inna ɗaki," ya ce, ba tare da ya dubi Rekiya ba. "Tuwona kuma ki kawo mini nan."