Gurasar da Ba a Rantse da Ita Ba

Salomat mai gurasa ba ta iya riƙe magana a ciki, duk ƙauyen an san haka. Amma wannan karon kwana uku ta yi da magana a bakinta, ta kasa furtawa.

'Yarta Zebo, mai shekara goma sha tara, ta yi mako guda tana fama da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Zazzaɓi ya sauka, sai zama ya gagare ta. Shayi ma a tsaye take sha, fitsari kuwa sai da hawaye. Da uwar ta matsa mata ta duba, sai ga gyambo biyu a al'aurarta, jajawur.

"Oyi, wallahi ba wanda ya taɓa ni," in ji Zebo. Oyi suke kiran uwa a yankinsu.

Salomat ta ce, "To." Ita kanta ta ji yadda wannan "to" ɗin ya fito a bushe.

Ba ta kai ta asibitin ƙauye ba, don mai ba da kati a can ƙanwar maƙwabciyarta ce, kafin azahar labari ya zaga. Suka hau mota sai birnin Ƙoƙand. A jakarta akwai gurasa ɗaya naɗe cikin ƙyalle, kuma ba guzuri ba ce. A yankinsu kowa ya tashi da jin cewa wanda ya ɗora hannu a kan gurasa ya rantse a kan ƙarya, makanta zai yi.

A harabar asibitin, suna jiran layi a gindin bishiya, Salomat ta kwance ƙyallen a cinyarta. Zebo da ke tsaye ta gani, ta gane. Ta miƙo hannu a hankali.

Idon Salomat ya sauka a kan hannun. Ga tabon ƙuna nan a wuyan hannu, na bakin tanderu, tun tana 'yar shekara tara take taya ta liƙa gurasa. Yarinyar da ko ƙwai ta fasa sai ta zo ta faɗa da bakinta! Kunya ta rufe Salomat, kunya mai zafi. Ta yi maza ta gutsure gurasar gida biyu.

"Ke, wannan miƙa hannu a hankali na mene ne? Karɓi ki ci, tun safe ba abin da ya shiga cikinki."

Zebo ta dube ta ta sake dubawa, sannan ta karɓa. Suka cinye ta tas, har ridin da ya zube a ƙyalle.

Likitar, Matluba, wata ƙatuwar mata ce mai haƙoran zinare. Ta duba Zebo, ta leƙa maƙogwaronta, ta tambayi ranar da zazzaɓin ya fara.

"Na sha ganin irinsa ga 'yan mata," ta ce. "Ƙwayar cutar da ta kama maƙogwaron ita ce kan tayar da shi, ba ruwansa da namiji. Za mu yi gwaji don mu tabbatar. Ga maganin zafi, ga na shafawa, ta riƙa zama cikin ruwan ɗumi. Mako biyu ko uku ya warke."

"Ai na sani, Matluba-opa," in ji Salomat da ƙarfinta, ta haɗa mata da opa, wato yaya, don girmamawa.

"Kin sani? Shi ya sa kika tsallake asibiti uku kika zo nan?"

Zebo ta ƙyalƙyale da dariya har sai da ciwon ya tsikare ta, ta dafa bango tana cewa wayyo. Salomat ma ta dara, daɗi ya cika ta har wuya.

A hanyar komawa Zebo ta kishingiɗa a kujerar baya, kanta a cinyar uwarta, gonakin auduga na wucewa ta taga.

"Oyi," ta ce a hankali, "da kin ce in rantse, da na rantse miki. Amma daga ranar, ko mutuwa nake yi ba zan sake nuna miki ciwona ba."

Salomat ta gyara mata ɗankwali.

"Saura ƙiris in ce, 'yata," ta ce. "Wallahi saura ƙiris."